Salansar Auta

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya ba ki haƙurin zaman nesa. Mu nan ƙalau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi wa kowa faɗa, kin kuwa san alamar warkewarta ke nan.

Maganar Auta ce ta sa na ɗauki biro. Kin tuna babur ɗin da kika saya masa don aikin kai magunguna? Kwanakin baya ya cire salansar da ta zo da shi, ya ɗaura wata mai ruri, wai don masu mota su riƙa jin zuwansa. Sun ji. Jaririn maƙwabta ma ya ji. To, yanzu an fara aiki da dokar ƙara: abin hawan da rurinsa ya wuce iyaka ba a sabunta masa takarda, kuma kamfaninsu ya ce wanda bai kawo tasa ranar Litinin ba ya ajiye jakar aiki.

Na ce ya mayar da tsohuwar. Ya ce digirina na takarda ne, ba na inji ba. Wani abokinsa ya koya masa dabara, sai Auta ya cusa soson ƙarfe na wanke tukunya a bututun salansar. Kwana biyu Inna na neman sosonta, tana zargin ɓeraye.

Jiya na bi shi wurin gwaji. Jami'in ya kafa na'urar awo a bayan babur, ya ce a murɗa. Da farko lumui, kamar keken ɗinki, har Auta ya waiwayo yana yi mini murmushi. Jami'in ya ce a ƙara wuta, haka doka ta tanada. Sai ga soso ya yi fitar burgu, baƙi ƙirin, ya sauka kan takalmin mutumin. Jami'in ya dubi soson, ya tambaya cikin ladabi ko an gama wanke-wanke a gida. Ya ba Auta wa'adi zuwa safiyar Litinin.

Kada ki damu, aikin nan ba zai kuɓuce ba. Auta na ta rantsuwa tsohuwar salansar ta ɓata. Ba ta ɓata ba. Tun ranar da ya yar da ita Inna ke tokare ƙofar kicin da ita, shi kuwa bai taɓa leƙa kicin ba balle ya gani.

Inna da Kawu na gaishe ki. Ki shafa mini kan 'yan biyu. Yanzu na zare salansar, ƙofar ta rufe garam, Inna na faɗa daga ciki. Bakaniken da zai mayar da ita jikin babur ɗin na jirana, na fita.

Taki har kullum,
Ƙanwarki mai digirin takarda