Ƙullutun da Inna Ta Gani da Idonta

Bagudo

Zuwa ga Yaya Munira,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da Baban Haliru da yara da duk mutanen Segbana. Mu ma lafiya lau, sai maganar Inna.

Ashe tun bara take da ƙullutu a nononta na hagu, ta yi gum, tana ta bandar kifinta. A Birnin Kebbi aka yi mata hoto, suka ce ba su yarda da shi ba, sai an ɗebi ɗan nama an auna. Inna ta ɗaura gyalenta ta fice. Wai tunda ƙarfe ya taɓa nonon Gwaggo Atika ciwon ya bazu har ya kashe ta, babu mai huda nata. Na yi lallashi, na yi faɗa, kin dai san taurin kan uwarki. Wallahi tsoro nake ji. An tura mu Abuja, ta yarda za ta je don kawai na yi mata kuka.

Ƙanwarki,
Saratu

Abuja

Yaya Munira,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yau ina da labari.

Allah ya haɗa mu da wata Likita Sakinatu, 'yar siririya, da na fara rainawa. Ban taɓa ganin mai haƙurinta ba. Ta saurari labarin Gwaggo Atika har ƙarshe, ba ta yi wa Inna musu ba. Ta ce akwai hoton da ba a taɓa nono da allura. A hannu ake zuba wani ruwa ya bi jini, kuma mugun ƙari ya fi jan jini, sai ya haska a hoton. Aka duba ƙodar Inna don a tabbatar za ta iya fitar da ruwan, aka yi hoton.

Maimakon ta gaya mana sakamako da baki, sai ta jawo wa Inna kujera gaban allon kwamfuta. Babban ƙullutun nan da ya hana mu sukuni bai haska ba ko kaɗan, ba sai an huda shi ba, za a dai riƙa dubawa. Amma can bayansa akwai wani ɗan fari tas, bai fi ƙwayar wake ba, wanda hannu bai taɓa ji ba. Likita ta ce shi ne ya kamata a huda.

Inna ta daɗe tana kallo. Ta ce matar da ta ƙyale babban ba neman yanka take ba, saboda haka ta yarda da ita a kan ƙaramin. Ita da bakinta ta tambayi ranar. Ni ce na fashe da kuka, ita ta riƙe min hannu.

Jibi za a ɗebi naman. Inna ta ce ki zo, kuma idan kin zo ke ma sai an duba ki kafin ki koma.

Ki gaishe da kowa. Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Saratu