Fitila Ta Goma Sha Bakwai Ba Ta Ci, Ni Na Sa Allo Ya Ce Tana Ci

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk masu karantawa. Don Allah a ɓoye sunana. Kuma kafin kowa ya zage ni, ya daure ya kai ƙarshe. Zagin na riga na yi wa kaina, shawara ce ban samu ba.

Ni ɗaliba ce a fannin lantarki. Makaranta ta tura ni koyon aiki na wata shida a wani kamfani da ya kakkafa fitilun kan titi masu aiki da hasken rana a Yelwa da Shanga da wasu ƙauyukan bakin ruwa ta wajen Wara. Kowace fitila tana da ɗan akwati a jikin sandarta, da batir da layin waya a ciki, ta nan take aiko da bayani ofis. A allon kwamfuta akwai taswira mai ɗige-ɗige, kore na nufin fitila lafiya take, ja na nufin ta samu matsala. Daga kujerata ina iya kunna ta Shanga, in rage hasken ta Wara, ban ko miƙe ba. Ni ba mai magana ba ce, ko a gida Inna cewa take sai an leƙa ɗaki ake sanin ina nan, don haka aikin ya yi mini daidai. Ina da wani littafi mai baƙin bango, duk abin da na taɓa a kwamfutar sai na rubuta, da rana da lokaci. Ba wanda ya sa ni. Haka nake tun firamare.

Shugaban ofishin kowa Injiniya yake ce masa, shi ma haka yake kiran kansa in ya ɗaga waya. Allah ya yafe mini, amma ban taɓa ganin wanda bai san aikinsa ba irin mutumin nan. Bai san bambancin batir da ya yi sanyi da wanda ya mutu ba. Farar hular kwanonsa tana kan tebur tas, ba ta shan rana sai ranar ɗaukar hoto. Mai aikin gaske shi ne Baba Ɗanjuma, wani dattijo daga ƙauyukan tudu, wanda ke zagaya fitilun a babur da tsani ɗaure a baya. Bai yi boko mai nisa ba, amma in ya buɗe akwati ya shinshina ya san abin da ya ƙone. Injiniya ko sunansa ba ya kira, sai dai “mai tsani”.

Da aka ce manya za su zo daga Birnin Kebbi duba aiki, akwai jan ɗigo biyar a allo. Baba Ɗanjuma ya gyara huɗu cikin kwana biyu. Ta biyar ɗin, mai lamba goma sha bakwai, wadda ke daidai inda jiragen ruwa ke tsayawa a wani ƙauye kusa da Wara, ya dawo ya ce batirinta ya kumbura, sai sabo. Injiniya ya tsaya a bayana yana kallon ɗigon, ya ce ba ya son ganin ja gobe. Na ce ai batir ne. Ya ce, “Ban tambaye ki batir ba. Ke ba 'yar jami'a ba ce?” To ga inda kunyata take. Shi bai san ana iya canja launin ɗigo da hannu ba. Ni kaɗai na sani, domin ni kaɗai na karanta littafin na'urar daga bango zuwa bango, na ga wurin da aka tanada don gwaji. Da na ce ba ya yiwuwa, da ya yi tsaki ya tafi. Me ya sa ban ce haka ba? Tsoro ne? Wallahi ba tsoro ba ne. So na yi in nuna wa wannan fankon cewa na san abin da bai sani ba. Na danna, ja ya koma kore, ya ce “yauwa” kamar shi ya koya mini. Na buɗe littafina na rubuta: na mayar da goma sha bakwai koriya.

Manyan suka zo da manyan riguna. Suka tsaya gaban allo suna gyaɗa kai. Ɗaya ya ce in kashe fitilar Shanga ya gani, da tsakar rana fa, na kashe, ɗigo ya dushe, suka tafa. Suka ci soyayyen kifi suka wanke hannu suka shiga mota. Ko mutum ɗaya bai ce a kai shi gindin sanda ba. Bayan tafiyarsu Injiniya ya ce in bar ɗigon haka sai sabon batir ya iso, ya kuma hana Baba Ɗanjuma zuwa can wai ana ɓarnar mai. Batirin ko takardar neman sa bai rubuta ba.

Abin da ya kamata in tuna, ni wadda kakana ya tsufa a cikin kwalekwale, shi ne wannan fitila ba ta titi ba ce a wurin mutanen ƙauyen. Tafkin da ƙauyen ke bakinsa cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka yi dam, kuma a ƙauyen nan hanya ɗaya ce siririya tsakaninsu. Da can in magariba ta yi sai a hura wuta a gaɓa, mai dawowa ya saita kan jirginsa da ita. Da aka kafa fitilar daidai wurin, sai suka bar hura wutar, suka koma saitawa da fitila. Mu a ofis lamba ce kawai. Su kuwa ita ce ƙofar gida.

Sarkin ruwan ƙauyen da kansa ya hawo mota ya zo. Tsoho ne, ya cire takalmi a bakin ƙofar ofis kamar zai shiga masallaci. Ya ce fitilarsu ta mutu kusan mako biyu, suna ta hura wuta amma damina ce, ruwan sama na kashe ta. Injiniya ko kujera bai ba shi ba. Ya juya masa allon ya ce ya ga wannan koren? Na'ura ba ta ƙarya. Tsohon ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo gare ni ya ce, “Ɗiyata, ke ma haka kika gani?” Na sunkuyar da kai na ce haka allo ya nuna. Ya yi ɗan murmushi ya ce, “To, ga allonku tana ci, ga garinmu ba ta ci. Ku ba mu allon mu rataya ga sanda.” Ya sa takalminsa ya tafi. Injiniya ya yi ta dariya yana cewa ƙauyawa. Ni da nake raina shi, me ya raba ni da shi a ranar nan? Shi bai sani ba ko ya manta. Ni na sani, har da ƙarfe nawa.

Kwana huɗu bayan nan, ranar kasuwar Wara, wani jirgi ya dawo bayan magariba ana yayyafi, da mata da buhunan shinkafa. Ya hau kututture. Allah ya sa kusa da gaɓa ne, ba a rasa rai ba, amma kaya sun nutse, matuƙin kuma ya karye a ƙafa. Da safe da labari ya iso na cire koren, ɗigo ya koma ja. Ban sani ba, a daidai wannan safiyar Baba Ɗanjuma ya zuba mai da kansa ya tafi, ya hau tsani, ya ciro mataccen batirin ya ɗaure a babur don ya kawo ofis kowa ya gani da ido. Kun ga abin da na haɗa? Yanzu na'ura cewa take fitila lafiya lau take har zuwa safiyar da ya buɗe akwatin. Injiniya ya ga haka kamar an ba shi kyautar Sallah. Ya rubuta wa babban ofis cewa fitila tana ci ranar haɗarin, laifin matuƙi ne, kuma mai tsani ya sace batir mai kyau ya kawo ruɓaɓɓe. An dakatar da shi. A tashar babura an fara ce masa ɓarawon batir. Ranar Alhamis wani zai zo daga babban ofis, in ya yarda da rahoton, 'yan sanda za a kira.

Injiniya ya ga littafina a kan tebur kwanan nan, ya ce ya tsufa, in sayi sabo in jefar da wannan. Takardar makarantata da sai ya sa hannu zan gama, ya saka ta a aljihun tebur ya kulle ina kallo. Kuma ko na buɗe littafin, sunansa ba ya ciki. Abin da hannuna ya taɓa kawai nake rubutawa. “Na mayar,” haka na rubuta, ba “ya sa ni” ba. Zai ce bai ma san ana iya yin haka ba, kuma abin takaici, gaskiya zai faɗa. Zan rasa shekara, kuma duk bakin ruwa za a ji jikar wane ta kalli sarkin ruwa ta yi masa ƙarya.

Jiya Baba Ɗanjuma ya zo gidanmu da ƙafa, don an karɓe babur ɗin. Inna ta shimfiɗa masa tabarma a zaure ta kawo ruwa. Bai yi ƙorafi ba, har tsokanata ya yi wai malamar biro. Da zai tafi ya ce, “'Yata, ni ban iya kwamfuta ba. Amma na san ke ba ki barin komai bai shiga littafin nan ba. Ki zo da shi ranar Alhamis a karanta. Ko me aka gani a ciki, na yarda.” Bayan ya fita Inna ta ce Allah ya yi mini albarka da wannan rubuce-rubucen nawa, yau ga shi zai wanke bawan Allah.

Littafin yana gabana yanzu. Shafin guda ɗaya ne, kuma in na yage shi ba wanda zai sani sai ni. Jibi ne Alhamis. Jama'a, me zan yi?