Ayar da Na Manna a Riga

Daren Alhamis, Soron Ɗinki

Barci ya ƙi zuwa. Jibi ne walimar saukar Alƙur'ani ta Ummi, 'yar Yaya Binta, ni kuma na ɗauki nauyin rigunan da ƙannenta za su sa. Yaya ce ta ce a sa aya a ƙirji. Na kai aka buga min a takardar nan da ake mannawa da dutsen guga. Babu wuta, da na gawayi na yini ina dannawa har kafaɗata ta riƙe. Wallahi sun yi kyau, ko ɗaya ba ta ƙone ba.

Da la'asar na kai wa Baba ɗaya a zaure don ya yaba. Ya karanta ayar, sannan ya ce, "Hadiza, yaran nan idan fitsari ya matse su, tuɓewa za su yi kafin su shiga banɗaki?"

Na dawo na gwada ɓamɓarewa da farce, ta kama gam. Na kira Yaya, sai ta ce wai, "Ke kin cika tsoro, yini ɗaya ne fa." To bayan yinin fa? A wanke, a zubar da ruwan a kwata?

Haushi nake ji, ban ma san na wa ba. Gobe zan nemo wasu rigunan, sunan Ummi kawai zan manna. Waɗannan kuwa na kasa barinsu a kan tabarma. Na ɗora su saman sif, kusa da Alƙur'anina.