Faffaɗar Tayar Baya

Litinin, 3 ga Maris
Tayar ta iso. Faɗinta ya kusa ninka tsohuwar. Na jingina ta da babur ɗin, na ja baya ina kallo. Dogon babur mai nauyi kamar nawa, mai zama ƙasa-ƙasa, a ce yana yawo da siririyar taya kamar ƙafar zalɓe? Ranar sha biyar ni zan ja gaban abokai a doguwar tafiyarmu, kuma tayata za su yi ta kallo tun daga gida.

Laraba, 5 ga Maris
'Yata Auta ta biyo daga garejin da take aiki, hannu duk baƙin mai. Ko zama ba ta yi ba ta zaro tef ta auna. Wai, "Baba, rim ɗinka bai kai faɗin tayar nan ba. Kuma sarƙa za ta ci gefenta." Na ce shekara talatin ina kwance babura kafin a ba ta takardar kanikanci. Ni na koya mata riƙe sifana! Ta ce, "To, Baba." Na san wannan "to" ɗin, na uwarta ne.

Alhamis, 6 ga Maris
Mai faci ya sha wuya kafin ya tura tayar kan rim, ƙarfen ƙafar. Ta ɗan yi tulu a tsakiya. Za ta zauna.

Asabar, 8 ga Maris
Na ɗaura da kaina. Na cire murfin sarƙa, na ɗan buɗa madigadi da guduma, na ƙara washa biyu a sandar ƙafar don in sami tazara. Tsakanin sarƙa da taya akwai wuri, tsinken ashana na wucewa. Maƙwabcina tela ya leƙo ta katanga ya ce, "Wannan ai tarakta ce." Hassada. Uwargida ta ce na ɓata mata tsakar gida da giris.

Lahadi, 9 ga Maris
Gwaji. A miƙaƙƙiyar hanya ba magana, kamar ina kan kujerar falo. A kwana sai na ji babur ɗin yana gardama, sai na danne shi da ƙarfi. Na ji ƙaurin roba, na ce sabunta ce. A kwanar bayan gidan mai tayar baya ta kwashe, muka tafi ƙasa tare. Gwiwa da gwiwar hannu sun saluɓe, madubi ya tafi. Wata mota ta ci birki dab da kaina, har na ga lambarta sarai. Sarƙa ta yanka gefen tayar zagaye guda, zaren cikinta a waje.
Tsakuwa ce a wurin. Ina ganin akwai tsakuwa.

Litinin, 10 ga Maris
Auta ce ta ɗauko babur ɗin a bayan motar garejinsu. Na shirya amsa, ita kuwa ruwa da auduga ta ɗauko. Ta wanke mini ciwon. Sai da za ta fita ta ce, "Da motar nan ba ta tsaya ba fa, Baba?"

Laraba, 12 ga Maris
Gwiwa ta kumbura. Ba komai ba ne.

Juma'a, 14 ga Maris
Ta zo da rim mai faɗi da wata taya, ba ta kai tawa ba amma ta fi tsohuwar. Ta matso da sarƙar waje gaba da baya, ta ja zare ta daidaita ƙafafun biyu. Ban taɓa ganin an yi haka ba. Ni ina kan benci ina miƙa kaya. Sau biyu na miƙa sifanar da ba ita ba, ta yi kamar ba ta lura ba. Har yanzu ina ganin tawa ta fi kyan gani.
Tela ya sake leƙowa, wai wa ya yi aikin? Na ce 'yata.
Gobe ba zan ja gaba ba, saboda gwiwar ne kawai. Na ce mata in tana da lokaci ta duba mini birkin gaba kafin ta tafi. Na tambaye ta iska nawa zan sa wa tayar. Na rubuta.