Rantsuwar Ranar Laraba

Yaya Dalyop,

Ina gaisuwa. Ya jikin Mama? Mu a nan Gorton, a ƙasar Turawa, lafiya lau, sai sanyin da ke cin gwiwata.

Ka ce Turawa ba su san rikicin addini ba, sai mu 'yan Jos. Wa ya gaya maka? Majalisarsu ta fille kan sarki guda, ta kori ɗansa daga mulki don ɗan Katolika ne. Har yau doka ta hana irinmu 'yan Katolika hawa kujerar sarautar. Kuma wannan kujerar zan rantse wa biyayya ranar Laraba, don in zama 'yar ƙasa, 'yata Shalom ta sami fasfo. Zan rantse, amma da rosarina, carbin addu'armu, a saman riga, kowa ya gani.

A aiko min da acca. Allah ya tsare ku.

Ƙanwarka,
Catherine