Ƙarfen da Ya Shiga Idona a Masar

Zuwa ga yayana Abdussamad a Dayi, daga ƙaninka Maitama. Gaisuwa mai yawa. Yaya Tsohuwa da ciwon ƙafarta? Dawa ta yi kyau bana?

Ayarinmu na Makka ya wuce ya bar ni a Masar, amma kada hankalinku ya tashi. Na kama aiki a maƙerar wani Balarabe, sai ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa mini a idon dama. Ya kumbura har barci ya gagare ni.

Aka kai ni wurin wani mai maganin ido. Da ya ga na tsorata, sai ya saki allura ta faɗi ƙasa, ya miƙa mata wani ɗan ƙarfe mai suna maganaɗisu, wanda bai fi yatsa ba. Allurar ta yi tsalle ta manne masa.

Ya ce, "Duniya da duk girmanta tana jan allurar nan ƙasa, amma ɗan wannan ya fi ƙarfinta. Abin da ke idonka ba zai gagare shi ba."

Yaya, shekaruna nawa ina ƙira, ban taɓa ganin haka ba. Ya kara maganaɗisun a idona, ɓarɓashin ya fito.

Zafin ya tafi, alhamdulillahi. Sai dai har yanzu haske kawai idon yake gani.

Ku sa malamai su yi mini addu'a. Ka gaya wa matata Shafa'atu kada ta ba kowa zugazugina. Ko da ido ɗaya, zan dawo in ƙera muku fartanya.

Wassalam.