Ranar Da Hafsatu Ta Cika Shekara Goma a Gidan Abincinka

Zuwa ga Alhaji, mai gidan abincin nan na kan hanyar asibiti, Gusau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da iyali da ma'aikatanka. Ban kama sunan gidan abincinka ba, domin ba nufina in karya maka kasuwa ba ne. Na nemi ganinka an ce ba ka nan, na bar saƙo shiru, shi ya sa na rubuto a fili.

Sunana Lawali, malamin firamare ne. 'Yata Hafsatu tana da ciwon sikila. Ciwon nan ne ya ɗauke yayyenta biyu, babu wanda ya ga shekara goma. Mu ba masu bikin ranar haihuwa ba ne, ni kaina ban san ranar da aka haife ni ba. Amma duk sanda muke dawowa daga asibiti a keke napep, takan ƙura wa gilasan gidanka ido ta ce in ta cika goma a nan za ta ci abinci. Tana kwance ana ƙara mata jini na yi mata alkawari, alhali zuciyata ba ta yarda za mu ga ranar ba. Sai ga shi Allah Ya kai mu.

Tun kafin ranar na zo na kama tebur. Na gaya wa manajanka dalili, na roƙe shi ya ba mu wuri nesa da na'urar sanyi, saboda sanyi yana tayar mata da ciwo. Ya ce in kwantar da hankalina.

Abu na farko, mahaifiyata. Inna ta taso daga Kwatarkwashi, duk da yadda hanya take yanzu, da ƙwaryar furar da ta dama wa jikarta. Ta ɗan tsaya gyara takalmi muka riga ta shiga, sai mai gadinka ya tare ta ya ce ba a talla a nan. Tsohuwa ta koma gefe ta tsaya kamar mai laifi, har na fito nemanta. Ba ta gaya mini ba. Mai gadin da kansa ya faɗa yana dariya.

Na biyu, teburin namu mun tarar an ba wani babban mutum da tawagarsa. Aka kai mu bakin ƙofar kicin, daidai ƙarƙashin na'urar da na roƙa a nesanta mu da ita. Na ce a rage sanyin, mai hidima ya ce baƙin can ba sa son zafi. Na nemi manaja, ya ɗago mini hannu daga nesa, bai zo ba. Dole na tuɓe babbar rigata na lulluɓe Hafsatu, na rufe sabon leshin da ta ƙagu a gan ta a ciki.

Sai abincin. Tun bayan la'asar muke zaune har aka kira magariba, farantai suna wucewa ta kanmu zuwa wancan teburin. Na ce mu tashi, Hafsatu ta ce a'a, ai yanzu za a kawo. Da aka kawo, shinkafar ta huce, kazar da ta zaɓa kuma wai ta ƙare. Can uwarta ta lura tana matsa gwiwarta a ƙarƙashin tebur tana cije leɓe, tana ɓoyewa don kada mu tafi. Washegari muna asibiti. Ban ce ku kuka sa mata ciwo ba, Allah ne masani. Amma na roƙa, an kuma yi mini alkawari.

A keke, muna komawa gida daga wurinku a daren, ta tambaye ni a hankali: "Baba, ko don sun ga idona rawaya ne suka ƙi kula mu?"

Inna ce ta jawo ta jikinta ta ce, "Ɗiyata, ba laihinki na ba." Tun ranar, in mun zo wucewa ta gabanku, sai yarinyar ta kawar da kai.

Ranka ya daɗe, ba na neman a mayar mini da komai, ba na kuma so a kori kowa. Su ma abincinsu suke nema. Ina roƙon ka koya musu cewa tsohuwa mai zane da ƙwarya uwar wani ce, kuma alkawarin da aka yi wa talaka shi ma alkawari ne. Babban roƙona kuwa shi ne ka zo da kanka, ko ka aiko manajanka, a gaya wa Hafsatu cewa ba don idonta ba ne. Na gaya mata har na gaji, amma ta ce ai ni babanta ne, dole in faɗi haka.

Allah Ya yi wa kasuwarka albarka, Ya raya maka zuri'a cikin lafiya, kada Ya nuna maka ranar da ɗanka zai yi maka tambayar da ba ka da amsarta.

Wassalam.

Malam Lawali, mahaifin Hafsatu,
Gusau.